Wasiyyar Guɗa

Ranar da surukata ta rasu, kafin labari ya kai coci ya riga ya zaga Sakasaka, unguwarmu a garin Tamale. Makwabtanmu kusan duka Musulmi ne, su kuwa ba sa jinkirin gaisuwar mutuwa. Ba mu gama shimfiɗa tabarmi ba tsakar gida ta cika. Su nasu a ranar suke binnewa, mu kuma an kai tamu ɗakin sanyi na asibiti, sai dangi sun hallara. Ba gawa a gida, ba sallar da za su yi, amma ba wanda ya tashi.

Ni aikina a wajen makoki shi ne zagawa da ruwa, kunnena kuma a buɗe yake. Mahaucin bakin titi, ɗan ƙabilar Dagomba, ya tsuguna a ƙofa ya ce da Hausarsa ta kasuwa, Mma ya tafi, unguwa ya mutu. Hajiyar da katanga ɗaya ta raba mu ta shigo tana jan ƙafa. Na saba jin yadda suke yi mana ta'aziyya, Allah ya ba da haƙuri suke cewa su tsaya nan. Ranar sai bakinta ya zarce ta ce Allah ya jiƙanta. Wata ta dube ta. Hajiya ta gyara mayafi ta ce ta riga ta faɗa, kuma ba ta maido da magana kamar canji.

Abin da na lura, duk wanda ya zo da "ya haƙuri" yake farawa, amma kafin ya tashi sai ya ba da labarin guɗarta. Wannan ta ce ranar da ɗanta ya samu aiki Mma ta fara sanar wa unguwa. Waccan ta ce ita ko akuyarta ce ta haifi tagwaye. Sai dariya ta kuɓuce wa mutane, su toshe baki da gefen zane. Ana cikin haka aka ji tsayuwar babur a waje. Wan mijina ne, babban ɗanta, da muke ce wa Yaya. Yana sa ƙafa a zaure dariyar nan ta mutu kamar an zuba wa gawayi ruwa. Ya gaisa da kowa yadda ya kamata, ya zauna. Daga nan har yamma ba wanda ya ƙara ambaton guɗa.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Na ga yadda shiru yake da sauƙi, na ji tsoron jikokinta su tashi su san hotonta kawai.

Mma duk unguwa ke ce mata, Musulmi da Kirista. Mahaifinta daga Najeriya ya zo tun zamanin Turawa, da Hausarsa da addininsa, ya auri 'yar ƙasa ya zauna. A nan aka haife ta, a nan ta sayar da shinkafa da wake har ƙafafunta suka ƙi. Gajera ce, ba ta da jiki, in ka gan ta ba za ka ce muryar nan daga ƙirjinta take fitowa ba. Amma in ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, masu shago a bakin titi sai sun leƙo.

Guɗa dai an san ta da biki da haihuwa. Mma ba ta jiran biki. Kun san halin famfon Tamale, sai ya yi kwanaki bai ce uffan ba. Ranar da ya yi tari ya kawo ruwa, guɗarta ce ke fito da mata da bokitai. A kawo wuta bayan an ɗauke, ta yi. Jika ya fara tafiya, ta yi. Hajiya ta dawo daga Makka, ita Kiristar ce ta tare ta a bakin lungu, har 'ya'yan Hajiya suna jin kunya. Ni kaina ina sabuwar amarya na tuƙa tuwon farko a gidan, ya fito duk gudaji, na zauna a madafa ina hawaye. Ta buɗe kwano ta duba, sai na ji guɗa a kaina. Ta ce a gidan nan tuwo mai gudaji ma yana shan guɗa, don akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba yau. Ta zauna ta ci har ta suɗe hannu. Washegari kuma ta tsaya a kaina da muciya, ba ta raga mini ba sai da na iya.

Kada wani ya ɗauka duniya ce ba ta taɓa ta ba. Ta binne miji, ta binne 'ya'ya biyu. Lokacin da dattawan cocinmu suka yi rikici a kan wanda zai gaji tsohon fasto, rabin jama'a suka fice, waɗanda suka rage kuma in an tashi sujada sai su zauna ƙarƙashin dogon yaro suna fiɗar juna, wane munafuki, wane cikinsa ya kawo shi. Mma ta san komai, ta fi su sani, don matan dattawan a wurinta suke kuka. Amma ranar Asabar za ka gan ta da tsintsiya tana sharar coci. Na taɓa tambayar ta ko ba ta ganin abin da ake yi. Ta ce tana gani sarai, amma Yesu ya san halin Yahuza kuma bai fasa cin abinci da almajiransa ba, ita wace ce da za ta fi shi wayo.

Akwai kalmar da ta tsana, "dama na sani". Ta kan ce ciwo ne, kuma yana yaɗuwa fiye da mura. Wai mai "dama na sani" bai taɓa dafa wa kowa abinci ba, yana gefe yana jiran tukunya ta ƙone ya ce ya faɗa. Abin tausayin, babban mai wannan ciwo a idonta ɗan cikinta ne.

Yaya ba mugu ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Makanike ne, yana gyaran babura a unguwar Bulpiela, kuma a da shi ke kaɗa ganga a coci. Shi da matarsa sun daɗe ba haihuwa, har an fara yi musu gori. Da Allah ya ba su ɗa namiji, aka sallamo su daga asibiti, Mma ta tare tasi tun daga bakin titi tana guɗa, tana taka rawa a gaban mota, har mutanen da ba mu sani ba suka biyo mu gida. Yaron bai kai ranar suna ba.

A nan ƙasar jariri baƙo ake ce masa sai an yi suna, ana lulluɓe zancensa, don ba a san ko ya zo zama ba. Sai aka fara raɗa cewa Mma ta ja masa baki. Yaya bai yarda da zancen baki ba. Abin da ya ƙona shi daban ne. Duk wanda ya ji guɗar nan sai ya tare shi a hanya da fara'a ya ce ina baƙonmu, shi kuma dole ya buɗe baki ya faɗa, yau ya faɗa, gobe ya faɗa. Wata rana da hantsi ya dawo daga irin wannan, ya same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ina madafa, na ji komai. Ya ce ta tara masa gari su zo kallon hawayensa. Ya ce da ta jira kamar yadda masu hankali suke yi, da yanzu baƙin cikinsa nasa ne shi kaɗai.

Ta ajiye faifai ta ce, "Na san baƙo ne. Baƙo in ya zo, ba a yi masa maraba sai an tabbatar zai kwana? Da na jira, da yaron nan ya zo duniya ya koma ba wanda ya yi murna da shi."

Cikin watan ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Kanvili, ya ajiye ganga, coci ma sai jana'iza ke kai shi. Daga baya sun sami 'ya'ya mata, kuma kowace haihuwa sai ya aiko cewa kada a yi guɗa. Mma ta kan shiga ɗaki ta ja ƙofa ta yi abinta, muna ji ta taga. Bai taɓa yanke mata doya da magani ba, in ya zo har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ta. Amma in ta ba shi labari mai daɗi sai ya ce bari mu gani, in marar daɗi ne ya ce dama na sani. Ita ma, in zan faɗi gaskiya, tana da taurin kai. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, kuma ina ganin da ta faɗa da wani abu ya sassauta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, gaisuwa lafiya lau, ƙarƙashinta kuwa miki.

Da ciwo ya kwantar da ita ni na yi jinya, don ni ce kullum a gida. Wata rana ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa ta ce in rufe ƙofa. Ta ce ranar da za a fitar da ita daga gidan nan, daidai bakin zaure, tana so in yi mata guɗa. Wai amarya za a kai gidan Ango, ba a fitar da amarya shiru.

Na ce Mma, ni ban iya ba, gidanmu ba a yi. Ga 'ya'yanki mata.

Ta ce su tsoron wansu suke ji, ni kuwa bakina ba ya rufuwa ko a coci. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ce ta san Yaya zai hana, me ya sa za ta tafi ta bar ni a tsakiyar wuta.

Ta ce, "Shekara da shekaru yana jira gidan nan ya yi shiru ya ce dama ya sani. In na fita shiru, ya ci. In ya ci kuwa, ya hallaka. Ba don ni za ki yi ba."

Na yi mata alkawari. Mai jinya ba ya iya ce wa marar lafiya a'a, kuma a raina na ɗauka da sauran lokaci.

Bayan rasuwar aka yi taron dangi don shirya jana'iza. An gama zancen akwati da rumfuna da farin ashobi, tunda tsohuwa ce ta ga jikoki. Mace surukar gida ba ta da baki a irin wannan taro, amma na durƙusa na ce akwai saƙo. Na faɗa yadda ta faɗa mini, sai dai na ɓoye ƙarshen.

Yaya bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce a yi waƙa, a yi wa'azi, a yi duk abin da coci ta saba. Amma shi ne zai riƙe gaban akwati, kuma in ya ji guɗa daga bakin kowa, a nan zai sauke ya hau babur ɗinsa. Ba zai je maƙabarta ba, ba kuma zai ƙara taka gidan nan ba. Ya dube ni ya ce, amarya, kin ji ko. Ni da nake da 'ya'ya a sakandare, har yau amarya yake ce mini. Na ce na ji, Yaya.

Kowa ya san in ya faɗa ya faɗa. Babban ɗa ya bar gawar uwarsa a bakin ƙofa, wannan ba abin da gari zai manta ba ne, kuma gidan ba zai ƙara haɗuwa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Maigidana, wanda ba ya son tashin hankali, ya ce Mma ta riga ta huta, ba za ta ji ba, amma shi wa ɗaya gare shi. Ya ce in na raba shi da ɗan'uwansa in san abin da zan gaya wa yara. Na je wurin Fasto, ya ce guɗa ba zunubi ba ce, zaman lafiya kuma abu ne mai kyau, ya yi mini addu'a ya rako ni ƙofa, na fito yadda na shiga. Na leƙa wurin Hajiya ta katanga. Ta ce a ƙauyukan Dagomba in tsoho ya mutu har kiɗa ake yi, su dai a lungun nan ba su saba ba, amma ba mai cewa komai don Mma ce. Sai ta rage murya ta ce alkawarin mamaci nauyi ne, mai rai kuma yana da haƙƙi, ita ba za ta zaɓar mini ba.

Na kai ga yanke shawarar yin shiru. Na ce a raina in an watse zan je kabarin ni kaɗai in yi mata. Na san ba abin da ta roƙa ke nan ba, amma mutum in yana neman hanyar gudu ba ya rasawa.

Ana gobe jana'iza muna bayan gida muna gyaran ganyen ayoyo na miya, ni da matar Yaya. Mace ce mai shiru, tun da nake da ita ba ta taɓa ɗauko zancen yaron nan ba. Ba ta dube ni ba, hannunta na cikin ganye, ta ce daga kwanakin nan duka abu ɗaya take iya tunawa ba tare da ƙirjinta ya toshe ba, shi ne tana cikin tasi da ɗanta a hannu, tsohuwa tana rawa a gaban mota. Ta ce ba shi da suna, ba shi da hoto, wannan kaɗai ya samu. Na ce ta taɓa gaya wa Yaya? Ta girgiza kai. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kada in yi ba, ta ɗauki kwando ta tafi wajen wanki.

Da safe aka kawo Mma gida aka kwantar da ita a ɗakinta, jama'a suka yi ta shiga suna fita. Lungu ya cika da farin ashobi, makwabta Musulmi sun jeru a gindin katanga. Da lokaci ya yi aka rufe akwati. Yaya ya kama gaba ta dama, maigidana ta hagu, 'yan'uwa suka kama baya. Matan coci suka ɗauki waƙa a hankali. Ina tsaye a bakin zaure ta ciki, don nan aka ajiye ni in riƙe labule. Maigidana ya wuce ta gabana ya dube ni, duban roƙo.

Ba zan ce na yi jarumta ba. Amma da na ga kan akwatin ya shiga zaure, na ga da gaske fita za ta yi daga gidan da ta cika da murya ba ko ƙara, sai na saki labule na kama hanci.

Abin da ya fito ba guɗa ba ne. Wata ƙara ce siririya kamar ta kazar da aka taka, ta hau sama ta karye a tsakiya ta koma kuka. Waƙa ta tsaya. Ba wanda ya taya ni.

Yaya ya ce, "Ku sauke."

Aka jawo benci aka ɗora akwatin, rabi a zaure rabi a waje. Ƙannensa mata suka fara kuka. Wani kawunsu ya matso zai yi magana, Yaya ya ɗaga masa hannu. Babur ɗinsa na nan a jingine a bakin lungu, kowa ya san inda yake, na ga idanu suna zuwa can suna dawowa. Ya juyo ya tako har gabana. Na durƙusa, ban san ma na durƙusa ba. Ina kallon takalminsa, ina jiran kalmar da za ta raba gidan.

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ba haka take yi ba."

Na ɗago. Fuskarsa a jiƙe take, bai kuma share ba.

"Daga sama kika fara, shi ya sa ta karye. Ita daga ƙasa take ɗaukowa, can cikin ƙirji, sannan ta hau. Tashi, amarya. In za ki yi wa uwata, ki yi mata daidai."

Na tashi. Na nemo ta daga ƙasa kamar yadda ya ce, daga inda kukan yake. Ta fito a dishe, ta hau, ba ta karye ba. Kafin numfashina ya ƙare na ji wata ta ɗora a bayana, matar Yaya ce, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Sai ƙannensa, sai matan coci, sai can ta gindin katanga. Yana tsaye a tsakiya idonsa a rufe, kamar wanda ake yi wa ɗinki ba allurar kashe zafi. Sai da muka yi shiru don kanmu, sannan ya sunkuya ya kama gaban akwatin ya ce a tafi.

Ba zan yi ƙarya in ce ya sauya ba. Bai dawo coci ba, kuma ya gaya wa maigidana cewa shi bai yarda da komai ba, aikin da aka yi rabi ne kawai ba ya so. Ni ban yi gardama ba. Na dai san shi ya kai ta har bakin rami, shi ya fara zuba ƙasa, kuma ranar Lahadin da ta wuce a gidan nan ya ci tuwo.

Mma, na isar. Ubangijin da kika yi wa murna tun ba ki gan shi ba, ya tarbe ki yadda kika tarbi mutane. Mu da muka rage, ya ba mu ƙirjin ɗauka.